Rigar Nelson: Sharhi a Kan Aikin Mai Kula da Tarihin Sojan Ruwa

Gabatarwa

A ajin nazarin adabi malamanmu sun koya mana cewa duk mai ba da labari sai ya zaɓi tauraro, ya zaɓi inda zai fara da inda zai dasa aya, sa'an nan ya bar wasu abubuwa a cikinsa. A wannan ɗan sharhi ina so in ɗora wannan ma'auni a kan wani irin marubuci da ke rubutu da riguna da takubba da hotuna. Ina nufin mai kula da kayan tarihin sojan ruwa a gidan tarihin teku na Greenwich, a bakin kogin Thames cikin Landan, gidan da Sarki George na Shida ya buɗe a 1937. Na san wani zai ce, ina ruwan biri da gada, mu da teku sai a taswira? To, a biyo ni a hankali, za a ga ruwan ya malalo har ƙofar gidanmu.

Abin da zan yi sharhi a kansa shi ne zauren da gidan ya buɗe a 2013 mai suna "Nelson, Navy, Nation", wato Nelson da Sojan Ruwa da Al'umma. Na dogara da kundin kayayyakin gidan da ke intanet, da littafin da Quintin Colville da James Davey, masu kula da wannan fanni a lokacin, suka tsara saboda zauren.

Aikin Kansa

Mutane da yawa sun ɗauka aikin mai kula da kayan tarihi bai wuce kakkaɓe ƙura ba. Gidan Greenwich na da kaya sama da miliyan biyu: taswirori, wasiƙu, zane-zane, tutoci, kwatancin jiragen ruwa. Zaure guda kuwa ɗan kaɗan zai ɗauka. Shi mai kula shi ne zai bi asalin kowane abu hannu bayan hannu, ya ba da shawarar abin da za a saya, ya zauna da masu gyara a kan yawan haske da danshin da tsohon yadi zai jure, daga ƙarshe ya rubuta bayani na layi uku ko huɗu a jikin gilashi. Wannan ɗan bayanin shi ne abin da baƙo zai tafi da shi gida. Don haka na ce aikin adabi ne, kuma ya cancanci a yi masa tarke kamar kowane littafi.

Inda Ya Yi Kyau

A ranar 21 ga Oktoba 1805, kusa da Tarafalga a gaɓar Sifen, manuwa 27 na Ingila suka kara da 33 na Faransa da Sifen. Ingila ta yi nasara, amma wani ɗan bindiga daga jirgin Faransa mai suna Redoutable ya harbi Nelson a kafaɗar hagu yana kan jirginsa Victory, ya mutu bayan kamar awa uku. Rigar da yake sanye da ita ta yi ta yawo a hannun mutane har 1845, lokacin da Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya saye ta fam 150 ya ba da ita kyauta. Har yanzu hudar harsashin na nan a kafaɗa, kuma akwai tabon jini a hannun rigar da gindinta.

A nan ne na sara wa masu wannan aiki. Kowa na so a ce masa jinin jarumi ne. Su kuwa suka bayyana cewa mai yiwuwa jinin sakatarensa ne, John Scott, wanda aka kashe tun farkon artabun a daidai wurin da Nelson ya faɗi daga baya. Makaɗin fada ba zai taɓa sa wannan a waƙa ba, domin zai rage wa ubangidansa kwarjini. Wanda ya iya rubuta "mai yiwuwa" a gaban abin da al'ummarsa ke ɗauka kamar kayan tsarki, lalle ya san bambancin tarihi da kirari.

Haka kuma batun babban zanen yaƙin da Turner ya gama a 1824 bisa umarnin Sarki George na Huɗu. Tsofaffin sojan ruwa sun kushe shi domin ya cusa abubuwan da suka faru a lokuta dabam-dabam cikin hoto ɗaya, har aka kwashe shi daga fada zuwa Greenwich a 1829. Gidan bai ɓoye wannan suka ba, ya bar mai kallo ya san zane yake gani, ba shaidar ido ba.

Ban da wannan, littafin bai manta da ƙaramin matuƙi ba: wanda aka kamo da ƙarfi daga tashar jirgi aka jefa aikin soja, wanda haƙoransa ke zuba saboda rashin ɗanyen abinci har aka fara raba ruwan lemun tsami a 1795, wanda ya yi bore a 1797 domin albashinsa ya fi shekara ɗari bai motsa ba.

Inda Na Ga Gyara

Kukana yana kan zubi da tsari. Dubi sunan zauren: tauraro a gaba, runduna a tsakiya, al'umma a baya. Labarin ya fara daga 1688 ya tsaya a 1815, shekarar da aka gama da Napoleon. Duk wanda ya karanta labaran jarumta ya san wannan fasali: a taso, a sha wuya, a yi nasara, a rufe littafi ana guɗa.

Sa'an nan tun 2007, shekara 200 cif da hana cinikin bayi a jiragen Ingila, gidan ya buɗe wani zaure dabam a kan tekun Atlantika da bauta da ciniki da mulkin mallaka. Abu ne mai kyau. Amma fa raba su ɗaki biyu shi ma magana ne. Jiragen Ingila sun kwashi 'yan Afirka sama da miliyan uku zuwa gonakin rake da taba, kuma galibin wannan jigila ta faru ne cikin waɗannan shekaru na zauren Nelson. Wa ya tsare musu hanya? A 1782 rundunar Rodney ta doke Faransawa ta ceci Jamaika, tsibirin da arzikinsa ke kan gumin bayi. Nelson kansa a tsibirin Nevis ya yi aure a 1787. A 1805 ya rubuta wa Simon Taylor, wani attajirin gonakin Jamaika, wasiƙa yana sukar Wilberforce mai fafutukar hana cinikin. An buga wasiƙar a 1807 bayan mutuwarsa, kuma bincike ya nuna an taɓa wasu kalmominta kafin a buga. To, ai irin wannan takarda mai rikici ita ce ta fi buƙatar gwanintar da aka nuna a kan jinin Scott. A ganina wurinta kusa da rigar, inda idon kowa ke zuwa. Idan baƙo na iya ganin jarumi a ɗaki ɗaya, sarƙa a wani ɗakin, ya fita bai haɗa su ba, an raba hanta da jini.

Inda Ruwan Ya Iso Mu

Dasa aya a 1815 ya bar rabin labarin a waje, kuma rabin ne da ya shafe mu. Daga 1808 zuwa 1860 rundunar Ingila ta gaɓar Afirka ta Yamma ta kama jiragen bayi kimanin 1,600, ta saki mutane kimanin 150,000. An sauke da yawa a Freetown ta Saliyo, cikinsu har da Hausawa. Daga bakin irin waɗannan ne Schön ya fara tsintar Hausa, ya fitar da littafinsa na farko na kalmomi da nahawu a 1843. Ashe ilmin da muke karantawa a sashenmu yana da saiwa a cikin manuwa.

Amma rundunar da ta kwance sarƙa ita ce ta yi wa Ikko ruwan wuta a 1851 ta kori Sarki Kosoko, bayan shekara goma garin ya zama mallakar Ingila. A 1863 wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya tara Hausawa, da yawansu tsofaffin bayi, ya kafa ƙaramar runduna wadda ake lissafa ta cikin tushen sojan Nijeriya. Ya kai su yaƙin Ashanti a 1873. Wannan duka tarihin sojan ruwan Ingila ne, kamar yadda Tarafalga take. Mai kula da ya ɗauki labarin 'yantarwa ya bar na Ikko, ko ya ɗauki na Ikko ya bar na Freetown, duk ya yi tuya ya manta da albasa.

Kammalawa

Ban ce a sauke rigar Nelson ba, kuma ban ce masu aikin sun yi ƙarya ba. Sun nuna gaskiya a ƙaramin abu, ina roƙon su nuna ta a babban tsari. Mu ma 'yan'uwana ɗalibai kada mu yi dariya, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wasunmu za su yi aiki a Gidan Makama ko wani gidan tarihi irinsa. Ranar da aka miƙo maka takobin wani sarki aka ce rubuta layi uku, za ka ambaci garin da aka ci da shi da mutanen da aka koro? Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, fili na nan a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace.