Ledar jini a hannun sabon likita

Wanda ya leƙo daga bakin ƙofa zai ɗauka ƙarin jini da ƙarin ruwa duk ɗaya ne: a rataye leda, a nemi jijiya, a buɗe. Amma ruwa a masana'anta ake haɗa shi, jini kuwa daga jikin wani bawan Allah aka ɗebo shi, kuma jikin da za a zuba wa yana iya karɓa, yana iya ƙi. Idan ya ƙi, rai na iya salwanta cikin sa'o'i kaɗan. Shi ya sa sabon likitan da ya laƙanci wannan aiki ya cancanci jinjina.

A garin Lafiya, asibitin Dalhatu Araf, wanda yanzu ya koma asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya, shi ne matattarar marasa lafiya daga Doma da Obi da Keana da Awe. Nan ake kawo mai jegon da jini ya ɓalle mata, da yaron da zazzaɓin damina ya tsotse, da mai sikila, da waɗanda suka yi hatsari a hanyar Akwanga ko ta Makurɗi. A irin wannan asibiti, wanda ake fara tasowa cikin dare shi ne ƙaramin likita mai shekarar horo, wadda yake zagaya sassa huɗu a cikinta: na manya, na yara, na tiyata da na mata da haihuwa. Abin da aka koya masa game da jini, a daren nan yake bayyana.

Gwanintar farko ita ce sanin wanda ke buƙata da wanda ba ya buƙata. A da, da an ga jini ya ɗan yi ƙasa sai a ce a kawo leda biyu. Wani bincike da aka yi a Kanada, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa jinkirta ƙari har sai ma'aunin sinadarin jini ya faɗi ƙasa da 7 bai cutar da akasarin manyan da ke kwance ba. Ga yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙara idan ma'aunin ya kai 4 ko ƙasa, ko kuma yana tsakanin 4 da 6 amma yaron na haki. Likitan da ya samu horo ba ya tsayawa kan lamba kaɗai. Zai duba tafin hannu da cikin ido, ya ƙirga numfashi, ya ji bugun zuciya. Ya kuma san cewa mai jegon da ke zubar da jini yanzu-yanzu, gwajinta na iya nuna lafiya lau alhali tana tafiya, don haka ba ya jiran takarda. Ya ba ta maganin da zai matse mahaifa, ya yi mata allurar tsayar da jini, yana neman jini a lokaci guda. Duk ledar da ya hana a ɓata a inda maganin ƙarin jini na sha zai wadatar, ta zama rabon wata mai naƙuda.

Ta biyu ita ce tabbatar da mai jinin. Tun 1901 Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini, a 1940 kuma shi da abokin aikinsa suka bayyana alamar da ke raba jini zuwa fozitif da negetif. Ilimin ya zauna daram, ɗakin gwaji kuma yana tace kowace leda daga ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen suna. A Birtaniya, inda ake tattara rahoton matsalolin ƙarin jini tun 1996, mafi yawansu kuskuren ɗan Adam ne. To ina ga ɗakin da za a iske A'isha uku a jere? Gwani yana rubuta suna da lambar kati a jikin kwalbar gwaji yana tsaye a gefen gadon, bai ɗaga ƙafa ba. Idan leda ta iso, ba ya cewa "Ke ce wance?" domin mai jin jiki kan amsa kowane suna. Cewa yake, "Hajiya, faɗa mini sunanki." Sai shi da nas su karanta lamba da rukuni da ranar lalacewa tare, a bayyane. Sauri kan haifi nawa, nan kuwa nawar ba ta da gyara.

Ta uku agogo ne. Jini yana zama a firij na musamman tsakanin digiri 2 da 6, har kwana 35. Da ya fito, cikin minti 30 za a fara, cikin awa 4 a gama. Ba a tsoma shi a ruwan zafi don ya ɗumama, domin ƙwayoyinsa fashewa suke. Ba a haɗa shi da kowane ruwa sai na gishiri. Ga yaro kuwa awo ake yi da nauyinsa, domin zuciyar da ta gaji, idan aka tula mata jini da gaggawa, sai ruwa ya taru a huhu.

Minti 15 na farko su ne ma'aunin likita. Ana buɗewa a hankali, ba a yin nisa da gadon. Rawar sanyi, zazzaɓi, ciwon baya, fitsari mai duhu, ko maras lafiya ya ce "Likita, ƙirjina ya riƙe": nan take za a rufe jinin, a bar jijiyar a buɗe da ruwan gishiri, a sake duba suna, a kira babba, a mayar da ledar ɗakin gwaji. Wanda aka gwada wa wannan tun kafin ya faru, hannunsa ne ke aiki kafin tsoro ya iso.

Sai iya magana da masu jinya. Duk da dokar 2021 da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa, har yau kaso mai yawa na jininmu daga dangi yake fitowa. Ƙani ya tsaya yana jin tsoron kada ya ƙare, sai likita ya zaunar da shi: "Malam, abin da za a ɗiba bai kai rabin lita ba, jikinka zai mayar da shi cikin makonni." Ya kuma sanar da mace mai jini negetif cewa akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin gaba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar na'ura mai tsada. Abin da ake buƙata shi ne babban likita ya riƙa tambaya a zagayen safe, "Me ya sa ka ƙara masa?", a kuma tura sabon likita ya wuni da ma'aikatan bankin jini ya ga yadda ake gwada dacewa. Bayan shekarar horo, wasu cikin waɗannan matasa za su tsinci kansu a ƙananan asibitoci inda babu babban da za a kira da dare. Abin da hannunsu ya saba da shi a Lafiya, shi za a yi wa marasa lafiyar can.