Mahayin Damagaram a dandali da sinima: mujahidi ko mayaƙin sarauta?

Duk wanda ya ga hawan salla a ƙofar fadar Zinder ya san siffar: doki da lifidi, mahayi da sulke da rawani, mashi a hannu. Wannan siffa ce ake laƙaba wa sunan mujahidi ba tare da bincike ba. A nan za mu duba ko sunan ya dace da ita.

Da farko, Damagaram ba ta karɓi tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba a jihadin 1804. Barno take bi. Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa. Ɗansa Amadu Kuran Daga kuwa ya kai wa Kano yaƙi zamanin Sarki Alu, wato Musulmi ya ɗaura wa Musulmi ɗamara. Ganima da bayi, waɗanda ake kai wasu Tarabulus ta hamada, suna cikin abin da ke fitar da dawaki.

André Salifou, ɗan Zinder, ya san wannan sarai, don shi ya wallafa tarihin daular a 1971. Amma da ya hau da Tanimun bisa dandali a wasansa Tanimoune na 1973, sai aikin ya fito da Faransanci. A ganinmu nan aka yi hasara. Jarumtar waɗannan sarakuna cikin kirari da kiɗan tambari take zaune, kuma kirari ba ya jure fassara.

Fim ɗin Mahamane Bakabé, Si les cavaliers, na 1982, wanda ya samo tushe daga aikin Salifou, ya fi kusa da gida, domin an ji Hausa a bakin ƴan wasa. Ya ɗauko shirin tawaye na 1906, wanda ya sa Faransawa suka tuɓe Amadu ɗan Basa. Sunan fim ɗin kansa nadama ce: da a ce mahaya sun zo. Mahayi a nan mai tsaron ƙasa ne daga Nasara, irin Kuran Daga da ya sa aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898, aka kuma ci shi da yaƙi a Tirmini a 1899.

Ke nan siffa ɗaya tana ɗauke da abu uku: mayaƙin sarauta, mai ƙin mulkin mallaka, da mujahidi. Na biyun ayyukan nan suka ɗaukaka, na ukun kuwa masu kallo ke ƙarawa da kansu. Wanda aka manta shi ne talakan da aka ƙone wa rumbu, da bawan da aka ja a igiya. Tun da hare-haren Boko Haram suka iso Diffa a 2015, kalmar jihadi ta yi nauyin da bai kamata a ɗora ta kan kowane rawani ba. Ya wajaba marubutanmu su bambance, tun kafin yara su koyi tarihi daga hoto kaɗai.