Tabbat Haƙiƙa: Waƙar da ta Juya Wuta ta Dubi Fada

Jama'a, duk wanda bai taɓa zama ya saurari Tabbat Haƙiƙa daga farko har ƙarshe ba, wallahi an yi babu shi! Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya tsara ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa a 1831, ƙaninta Isa ya yi mata tahamisi. Gida ɗaya, alƙalami uku, kuma ka bi ta baiti-baiti ba za ka tsinci na cike gurbi ba.

Abin da ya sa nake mutuwar son ta shi ne inda ta nufa da Wuta. Kowa ya san Jahannama ta tafsirin azumi: ƙofofi bakwai, Maliku mai tsaronta, itaciyar zaƙƙumu, tafasasshen ruwa. Sau da yawa mai wa'azi kan kwashi duk wannan ya jibga wa wani can nesa, wanda ba ya cikin masallacin. Shehu kuwa, bayan an ci Alƙalawa a 1808, mutanensa sun samu mulki, sai ya juyo da gargaɗin kansu. Sarkin da ya ci amanar talakawa, alƙalin da ya karɓi toshiyar baki, mai ƙwace ƙasar mutane, mai bautar da ɗa, mai ha'inci a kasuwa, kowa an kira shi da laifinsa, amshin waƙar, wato tabbat haƙiƙa, kuma ya sauko masa kamar guduma a kan maƙera. Tirƙashi! Ina ruwan Shehu da girman rawani?

Ai ba haka kowace al'umma ta ɗauki lamarin Wuta ba. A tsoffin littattafan Bani Isra'ila, Shi'ol duhu ne kawai inda matattu ke taruwa, nagari da mugu. Daga baya ne azaba da hisabi suka fito sarari. Ana ta kuranta Dante na Italiya, wanda ya rasu a 1321, saboda ya zuba fafaromomi da manyan gari cikin wutarsa mai hawa tara. To, ya yi ƙoƙari, har can ƙasan tasa ƙanƙara ce (mu ma dai muna da Zamharira). Amma da dama cikin waɗanda ya jefa abokan gabarsa ne na siyasar Filorans, birnin da ya kore shi. Shehu kuwa nasa mutanen ya tsoratar, waɗanda suka yi hijira da yaƙi tare da shi. Ku gaya mini wane ne namijin duniya a nan!

Ga waƙar kuma kamar jiya aka yi ta. Shiga kasuwar Yelwa ka gani: mudu mai lotsattsen gindi, buhun albasa manya a sama ruɓaɓɓu a ƙasa, bandar kifin da ƙwari suka cinye cikinta ana rantsuwa sabuwa ce. Gangara bakin ruwa, ga mai jirgi yana ta lodin mutane da babura da buhuna har ruwa ya kusa bakin katako, alhali ya san abin da tafkin Kainji ke yi idan iska ta taso. Shi ma ai amana ya ɗauka.

Kada dai ku karanta ta a zuci. Asma'u ta yi wa kunne Hausarta ne, irin wadda jajojinta, wato malamai mata masu malfa, ke rera wa ɗalibansu mata 'yan taru. Ni da ina da iko, lasifikar tashar jiragen ruwa zan kama, in sake ta tun asuba har jirgin Wara na ƙarshe ya tashi!