Waya Biyu da Haƙurin Mai Rubuta Direba

A cikin wayar salula ko kwamfuta akwai ƙananan na'urori masu auna zafi da haske da ƙarfin batir, kuma da yawansu ta siraran wayoyi biyu kacal suke magana da ƙwaƙwalwar injin. Tsarin I2C ke nan, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1982. Waya ɗaya, SDA, ita ke ɗaukar saƙo, ɗayar kuma, SCL, ita ke ba da lokaci. Kowace na'ura da adireshinta. A kira ta, ta amsa, kamar yadda malami ke kiran suna a aji.

Sai dai tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta ba zai san abin da na'urar ke faɗa ba sai wani ya rubuta masa direba, manhajar da ke fassara masa maganar na'urar, a cikin kanel, wato zuciyar tsarin. Masu wannan aiki suna burge ni ƙwarai, domin a can ciki kuskure ɗaya yana iya tsayar da kwamfutar baki ɗaya.

Gwani ba ya gaggawar fara rubutu. A ce ya samu LM75, ɗan ma'aunin zafin nan da kamfanin National Semiconductor ya fito da shi, ya jona shi da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi. Da farko zai sa manhajar i2cdetect ta zaga layin, ya ga ko an amsa a adireshi 0x48. In an yi shiru, to a duba waya tukuna. Daga nan sai ya zauna da takardar bayanin na'urar, ya bi ta shafi-shafi, kuma a nan ne ƙwarewar take. LM75 yana aiko da zafi a bait biyu, babban a gaba, alhali ƙa'idar SMBus, wadda aka gina kan I2C kuma direban zai yi karatu da ita, ƙaramin take sa ran samu da farko. Wanda bai lura ba, ɗakin da ke kan digiri 25 sai ya nuna masa sifiri, kuma babu gargaɗin da zai fito. Gwani tun a takarda ya hango wannan, ya zaɓi umarnin da ke juya bait biyun.

Rubutun kansa, da yaren C, bai cika yawa ba. Zai sanya sunan "national,lm75" a fayil ɗin da ke bayyana kayan da ke kan allon kwamfutar, ya sa irinsa a direban. Da kanel ya ga sunayen sun dace, sai ya kira probe, inda direban ke gaisawa da na'urar, ya shirya ta. Akwai kuma ladabin wurin: karatu ta I2C yana ɗaukar lokaci, saboda haka ba a yin sa a inda kanel ya hana jira.

Ƙarshen aikin shi ne miƙa sakamakon ga hwmon, sashen kanel mai kula da irin waɗannan ma'aunai. Sai fayil mai suna temp1_input ya bayyana ɗauke da 25000, domin ana raba kowane digiri gida dubu, kuma kowace manhaja tana iya karanta shi ba tare da ta san wane kamfani ya ƙera ma'aunin ba.