Tarihin Zango: Abin da Ake Faɗa da Abin da Ake Bari

Kowane zango na da tarihinsa na baka, kuma salon bayar da shi kusan ɗaya ne daga Kumasi har Yawunde. Akan fara da fataken da suka yada zango, a zo kan malamin da ya kafa masallaci, sannan a jero sarakunan Hausawa ɗaya bayan ɗaya. A unguwar Briqueterie ta Yawunde, wadda ake taƙaita sunanta da Brik, haka labarin ke tafiya. Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a 1889, fatake kuma suka gangaro ta Tibati da Yoko suna neman hauren giwa da danƙo. An yi ta ɗaga su daga wuri zuwa wuri kafin su tabbata inda suke yau a zamanin Faransawa.

Wannan al'ada ta yi mana rana. Ita ta riƙe wa jikokin fatake asalinsu a ƙasar da takardun gwamnati ba da Hausa ake rubuta su ba. Amma tana da aibi babba: labarin masu rawani take bayarwa. Da wuya a ji sunan 'yan alaron da suka ɗauko kayan a ka, ko bayin da suka biyo ayari, ko matan da suka ciyar da zango da sana'ar tuwo da fura. Sunan "Bahaushe" kansa ya lulluɓe Fulani da Barebari da sauran Musulmin da suka zauna a unguwar, har jika ya manta da harshen kakansa. Ewondo masu ƙasa, waɗanda suke kiran wurin Ekoudou tun kafin masana'antar bulo ta ba shi sunan Faransanci, kan fito a labarin kamar baƙi.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi makomar Hernikawa, wata al'umma ta tsohuwar Italiya. Mutanen duwatsu ne a kwarin kogin Sacco, gabas da birnin Rum, masu garuruwa irin su Anagni da Alatri da Ferentino da Veroli. A shekara ta 486 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka ƙulla amana da Rumawa, suka daɗe suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa da su. Amana ta lalace, aka gwabza daga 362 zuwa 358. A 306 Anagni ta sake yin bore, Rumawa suka murƙushe ta, suka mai da mutanenta 'yan ƙasa marasa ikon zaɓe. Sauran garuruwan uku, da aka ba su zaɓi, suka gwammace dokokinsu na gado a kan zama Rumawa.

Ta bakin wa muka san duk wannan? Galibi ta alƙalamin Livy, marubucin Rumawa da ya zo kusan shekara 300 bayan faɗuwar Anagni. Babu wani littafin tarihi na Hernikawa da ya iso gare mu. Dalilin borensu daga nasu bakin, da abin da iyaye mata suka faɗa wa 'ya'yansu a daren da gari ya faɗi, duk sun bi ruwa. Abin da ya rage na harshensu 'yan kalmomi ne da gajerun rubuce-rubuce. Ganuwar Alatri mai manyan duwatsu na nan tsaye, amma dutse ba ya ba da labari.

Ba sai mun je Italiya ba ma. Barbushe da jama'arsa na Dutsen Dala mun san su ne ta littafin Tarihin Kano, wanda ya bi jerin sarakuna tun daga Bagauda, wato gidan da ya karɓe ƙasar daga hannunsu. Idan zaki ne mai ba da labarin farauta, barewa ba ta da baki.

Hausawan Briqueterie suna tsaye a gefe biyu na wannan darasi. A cikin Yawunde su ne 'yan tsiraru, kuma yawancin abin da aka rubuta a kansu da Jamusanci da Faransanci yake. A cikin unguwa kuwa su ne babban kogin da ke haɗiye ƙananan rafuka. Saboda haka gyaran biyu ne: mu rubuta tarihinmu da harshenmu, mu kuma faɗaɗa shi ya ɗauki kowa.

Ya ku matasan Brik, wayar da ke aljihunku ta isa. Ku zauna da tsohon mahauci da mai tsire da tela, ku shiga cikin gida wajen kakanninku mata, ku tambayi kowa garin da kakansa ya fito da harshen da ya zo da shi. Ku je wa dattawan Ewondo su ba ku nasu ɓangaren. Ku naɗa, ku rubuta, ku ajiye a masallaci da makaranta tun masu labarin suna da rai.