Jinjina ga mawaƙan Lee Mingwei

Da aka yi wa mahaifiyar mai fasaha Lee Mingwei tiyata, shi ya zauna jinyarta, waƙoƙin Schubert na ɗebe musu kewa. Ita ce ma ta fara jiyar da shi su tun yana yaro a Taiwan. Daga wannan jinya ya ƙirƙiro aikin fasaha mai suna Sonic Blossom, wanda aka fara nunawa a Seoul a 2013. A cikin wannan aiki, mawaƙi kan zagaya gidan baje kolin zane, ya zaɓi baƙo guda, ya nemi yardarsa, ya zaunar da shi a kujera, ya rera masa waƙa shi kaɗai.

Mawaƙan nan nake jinjina wa. Aikinsu ido cikin ido ne da mutumin da ba su taɓa gani ba, wani har ya fashe da kuka, amma ba sa bari murya ta karye sai sun kai ƙarshen waƙar.