Mai Binciken Kisa da Jakar Makaranta

Masu kushe Brick, fim ɗin Rian Johnson na 2005, ƙorafinsu ɗaya ne: wai yara ne suka zura babbar rigar iyayensu suna kwaikwayon manya. Salon dai tsoho ne. Daga littattafan Dashiell Hammett na wajejen 1930 ya taso, Hollywood ta yi ta sarrafa shi: mai bincike da ba ya ga maciji da hukuma, mace mai daɗin baki da mugun nufi, gari da rashawa ta cinye. Johnson ya kwashi kayan nan ya juye su a sakandaren San Clemente ta Kalifoniya, inda shi kansa ya yi karatu, da kuɗin da bai kai dala 500,000 ba. Brendan, wato Joseph Gordon-Levitt, ya tsinci gawar tsohuwar budurwarsa Emily a bakin magudanar ruwa, ya ɓoye ta, ya shiga farautar makashinta.

Abin da ya shige wa masu kushen duhu shi ne, irin wannan labari ba ya tsayuwa sai inda kai ƙara ya zama abin kunya, kuma babu garin da ya kai makaranta cika wannan sharaɗi. A dubi zaman Brendan da mataimakin shugaban makaranta, Trueman, rawar da Richard Roundtree ya taka. A tsohon salo kujerar ɗan sanda ce wannan. Trueman sunaye yake so, Brendan kuma so yake a sakar masa mara na ɗan lokaci, sai suka zauna ciniki, kowa na auna abin da zai saki. Babu ɗan wasan da ya nuna ya ɗauki abin da raha. Hatta Pin, uban dillalan hodar garin, a ɗakin ƙasa na gidan uwarsa yake mulki, uwar na zuba wa baƙinsa lemo. Mai kallo zai yi dariya, amma tsoron bai gushe ba, domin yaron da uwarsa ke zuba lemon nan yana iya sa a kashe mutum. Maganar yaran fim ɗin kuwa, wadda aka ce babu ɗalibin da ke yin irinta, aikinta aikin zaurance ne: a faɗi abu a gaban babba ya kasa ɗaukar komai. Wanda ya ce ba ya ganewa, ai shi aka nufa.

Shi ya sa nake ganin salon ya fi dacewa da Birnin Ƙwanni fiye da Kalifoniya. Ga iyaka da Illela ta Sakkwato, ga duwan, wato kwastan, ga taramol da ke yawo a hannun samari, ga fada inda ƴan lakwal ke shan shayi suna kashe maganar da iyaye ba za su taɓa ji ba. Za a ce tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya yi ja-in-ja da malami. A fili ne ba ta yarda ba, kuma ɓoyon shi ne jarin labarin. Cikas ɗin yana wurin masu shirya finafinanmu na Kano, waɗanda ba sa iya haƙuri sai sun shigo da dattijo a ƙarshe ya tara yara ya yi musu nasiha. Da Trueman ya yi haka, da Brendan bai sake taka ofishinsa ba.